Allon Zayyana da Itacensa: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya



A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam na taɓa tsayawa gaban wani tsohon zanen jiragen ruwa cikin hadari, irin wanda mutanen Holand suka shahara da shi a ƙarni na 17, zamanin Jan Porcellis wanda ya rasu a 1632. Da fentin mai aka yi shi, a kan allon katako. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda masana can suke kula da bayan allon kamar yadda suke kula da gabansa. Sukan ƙirga zobban da ke jikin katakon, domin kowane zobe shekara guda ce a rayuwar bishiya, har su gane wajen lokacin da aka sare ta da dajin da ta fito. Yawancin irin wannan katako daga yankin tekun Baltik aka kawo shi.

Nan take na tuna da allon saukar kakana a Garu. Mu Dutsawa ba mu da teku, amma muna da zane a kan itace. Masassaƙi ya fitar da allo daga aduwa, mai zayyana ya ƙawata shi da ja da rawaya da kore, ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Da na nemi namu bayan rasuwar mahaifina, sai na tarar da shi jingine a ƙasa bayan rumbu, gara ta cinye rabinsa. Laifin nawa ne, shekara ashirin ina birni ban tambaya ba.

Itace, ko bayan an sare shi, ba ya daina motsi. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, launin da ke kansa kuwa ba ya iya bin sa, sai ya dinga ɓamɓarowa. Saboda haka kada a wanke tsohon allo, kada a shafa masa mai don ya yi ƙyalli, in ya tsage kada a buga masa ƙusa. A naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙewa.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne a buɗe rajista. Duk wanda ya zo gida da salla ya binciki ɗakin tsofaffi, ya ɗauki hoton allon gaba da baya, ya rubuta a takarda sunan mai shi da tsangayar da ya sauke da shekarar, tun masu iya faɗa mana suna raye. Ni zan kawo rabin da gara ta bar mini ya zama na farko.