Tsutsar Wake da Maganin Feshi: Kira ga 'Yan Uwanmu na Birni



Kowace damina kukan aiko wa dangi kuɗi ko kwalaben maganin feshi domin gonar wake. Wannan zumunci ne abin yabo, amma akwai gyara a cikinsa.

Babbar abokiyar gabar wake ita ce tsutsar da masana ke kira Maruka, mai cin fure da kwanso. A shekarar da ta yi ƙamari tana iya lashe kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Ba da wake kaɗai take rayuwa ba. Da rani takan fake a kan itatuwan daji dangin wake a yankunan kudu masu damshi, sa'annan ƙwaron da ke haifar ta ya biyo damina zuwa arewa. Har zamarke takan ci.

To, ina illar? Duk feshi yakan kashe raunana, ya bar 'yan kaɗan masu juriya. Waɗannan su ne za su hayayyafa, kuma cikin kimanin wata guda sabon zubi ya taso. Idan aka dawwama a kan magani ɗaya, wata rana sai a fesa tamkar ruwa aka zuba. Amma tsutsar da ta girma a daji ba ta taɓa sanin magani ba. Idan ta zama ƙwaro ta yi barbara da mai juriya, sai juriyar ta ragu a zuriyarsu. Ashe wannan daji mafaka ce da ke tsawaita amfanin maganinmu.

A shekarar 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T mai kare kansa daga wannan tsutsa, wanda feshi biyu kan wadatar da shi maimakon shida zuwa takwas. Shi ma ƙarfinsa zai fi ɗorewa muddin akwai irin wannan mafaka.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Na farko, ku riƙa karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, ba sunan kamfani ba. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin gida ɗaya suka fito, sauya wannan da wancan ba sauyi ba ne. Na biyu, ku gargaɗi dangi kada a yi feshi sai an duba fure an ga tsutsa, kuma a bi ma'aunin da aka rubuta. Na uku, ƙungiya ta gayyato malamin gona ya zauna da manomanmu kafin shuka.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah Ya ba mu damina mai albarka.