Rainon ɗiyan tarwaɗa tun daga ƙwai

Yau zancen kifi na kawo maku, kuma kada ku ce mi ya haɗa malamin bisashe da kifi. Tabkin da kuke shayarwa shi ne gidan kifin, kuma kun san yawan iyalan da ke cin abinci da su a Madarunfa, Tabalak da Gidimuni. Da yawanku sun fara gina rami ko kwarmin siminti a bayan gida, amma iri ke yi masu wuya. Wanda ya sayo ɗiyan kifi daga nesa, wasu na mutuwa a hanya. Shi ya sa zan yi maku bayanin yadda ake samun su a gida.

Karfasa ba ta da wahala, uwar ce ke riƙe ƙwan a bakinta har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa kuwa a daji take zuba ƙwai, farkon damina, lokacin da ruwa ya hau cikin ciyawa. A kwarmi ba ta zubawa da kanta, sai an yi mata allura. Ana zaɓen macen da cikinta ya cika ya yi taushi, a yi mata allurar magani irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta. In zafin ruwa ya kai digiri 27 ko 28, bayan awa 8 zuwa 10 ƙwan ya nuna. Sai a rufe mata kai da jiƙaƙƙen tsumma, a tatso cikin a hankali cikin busasshiyar roba. Da kun ga jini, ku tsaya. Namijin ba ya tatsuwa, dole a yanka shi a ciro marainansa, a tsattsaga, a matse farin ruwan bisa ƙwan. A zuba ruwa mai tsabta kaɗan, a juya da gashin kaza kamar minti ɗaya, a shimfiɗa ƙwan bisa raga cikin baho, kada su hau kan juna. Wannan aikin na farko ku yi shi tare da ma'aikaci, ido ya fi kunne koyo.

Gram ɗaya na ƙwai ya kan kai ƙwaya 600. Kun ga ke nan samun ƙwai ba shi ne wahala ba, rayar da su ne.

Kwana ɗaya ya isa su ƙyanƙyashe in ruwa na da ɗumi. Ƙwan da ya koma fari ya mutu, ku cire shi da wuri, don fumfuna daga kansa take tashi ta kama masu rai. Waɗanda sunka fito za su faɗa ƙasan baho su taru a lungu, ba su son haske, sai ku rufe bahon da tabarma. Kwana 3 na farko kada ku ba su komi. Kowane ɗa na ɗauke da guzurinsa a ciki, wata ƴar jaka ta gwaiduwa. Abincin da kunka zuba a lokacin ruɓewa kawai zai yi.

Ga inda mutane ke yin kuskure babba. Kowa ya san babbar tarwaɗa na da taurin rai, tana shaƙar iska, tana jan ciki cikin laka. Sai a ɗauka ɗanta ma haka yake. Abin da take shaƙar iska da shi, a cikin kai, ba ya fitowa sai bayan sati biyu zuwa uku. Kafin nan ɗan tarwaɗa da iskar da ke cikin ruwa kaɗai yake rayuwa. Don haka ruwa ya riƙa ɗiga yana shiga yana fita, ko ku canza wani kashi safe da marece, ku zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo. Ruwan da za ku ƙara kada ya fi na baho sanyi. Ni shawarata, wanda ba ya da hanyar ɗumama ruwa ya bar wannan aiki lokacin ɗari, ya jira bazara ko damina.

Ran kwana na huɗu guzuri ya ƙare, baki ya buɗe. Bakin nan ƙarami ne, dusa da ƙuliƙuli ba su shiga, cikin ma bai iya narkar da su tukuna. Abin da yake so shi ne ƙananan halittu masu motsi da ke cikin ruwa, waɗanda da ƙyar ido ke gani. Masu kuɗi na sayen ƙwan artemiya na gwangwani. Ku kuna da taki. Kwana 7 zuwa 10 kafin a yi ma uwar allura, ku cika rabin tano ko ɗan rami da ruwa a cikin rana, ku jiƙa busasshen kashin shanu ko na kaji a buhu ku saka ciki. Ruwan zai yi kore, daga baya in kun ɗebo a kofin gilashi za ku ga abubuwa na tsalle. Ku tace da ƙyalle mai laushi, ku ɗauraye, ku ba su sau 4 ko 5 a yini. Wanda ya fara allura bai shirya wannan ba, ya shirya asara. In an matsu ana iya murje dafaffiyar gwaiduwar ƙwan kaza, amma kaɗan, tana saurin ɓata ruwa. Bayan sati ɗaya zuwa kwana 10 sai a fara haɗa masu da garin kifi mai laushi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wata shekara wani dattijo ya kira ni, dubban ɗiyansa sun mutu dare ɗaya. Mun duba ruwa, mun duba abinci, ba mu ga laifi ba. Sai da na tambayi yaron da ke ɗebo ruwa, ya nuna mani bokitin. Shi ne wanda anka dama maganin kaska a ciki shekaranjiya, an kuwa wanke shi. Magungunan kaska da ƙuda irin su deltametirin, abin da saniya ba ta ko ji a fatarta, ɗigo kaɗan na kashe kifi. Bokitin kifi daban, na magani daban. Kada a wanke famfon feshi a bakin tabki, kada a shigar da garken da anka yi ma wanka cikin ruwa a ranar. Gidan sauro mai magani ma irin wannan dafin ke jikinsa, kada a tace abinci ko a kama ɗiyan kifi da shi.

Daga sati na biyu za ku ga wasu sun fi ƴan uwansu girma nesa. Kada ku yi murna da su, ƴan uwan suke haɗiyewa. Duk sati ku tsame manyan ku ware su. In za ku maida su ramin raino, ku kewaye shi da raga ko tabarma saboda kwaɗi, ku tsame talibambam, ku ja igiyoyi a sama saboda zalɓe. Bayan sati 5 ko 6, in sun kai tsawon yatsa, sun isa shiga babban kwarmi. Tabkin gari kuwa na kowa ne, kada wanda ya zuba masa iri sai ya yi shawara da maigari, da masunta, da ma'aikatan ruwa da daji. A zuba da sanyin safiya, a fara tsoma robar cikin tabkin har ruwan biyu su daidaita, sannan a karkata ta su fita da kansu.