Shayin Salla: jawabi a taron ƙungiyar 'yan Sarkin Yamma

Iyayenmu dattawa, da 'yan'uwa da suka dawo ci-rani daga Kano da Katsina, barkanmu da Salla.

Kwanakin nan buta ba ta sauka daga kan gawayi. Shayi kofi uku kowa ya san shi: na farko ɗaci, na biyu da na'a-na'a, na uku zaƙi. Ba mu ce a bari ba, da shi ake zumunci. Amma ganyen daga ƙasar Sin yake zuwa, sukari ma saye ne, kuɗin ci-rani kuwa da gumi aka samo su. Kuma dattawanmu masu ciwon sukari, kunya ba ta barin su su ƙi kofin da yaro ya miƙo.

Ga geza a dajinmu. Ita ce mutanen Senegal da Mali suke kira kinkeliba, suna buɗa baki da ita a azumi. A tsinki ganyen, a shanya a inuwa, a tafasa har ruwan ya yi ja. Ga zoɓo a bakin gona, ga citta da kanumfari a kasuwa.

Roƙonmu ɗaya ne: kowace fada ta ɗora buta biyu, ɗaya babu sukari, a fara miƙa wa dattawa.

Allah ya maimaita mana.