SAUKE KAYA: JAWABI A KAN RANAR HUTU



Mun taru yau domin bikin jubili. Kalman nan daga Littafin Firistoci ta fito, sura 25, inda Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, a shekara ta 50 kuwa a saki bayi, kowa ya koma ga gādonsa, gona ma ta huta. Ashe jubili babban Asabar ne. Saboda haka a kan hutu za mu yi magana.

A birnin nan na Accra kowace al'umma da ranarta. Masunta na kabilar Ga ba su shiga teku ran Talata. Asantawa su kan kira Allah Kwame, sunan wanda aka haifa ran Asabar. Iyayenmu da maƙwabtanmu Musulmi su kan rufe shago ran Jumma'a su tafi masallaci, bayan salla su koma neman abinci. Sai a tambaye mu, ku fa, don me Lahadi?

Amsa ke nan. Ran farko ta mako Yesu Almasihu ya tashi daga matattu, a ranan nan kuma masu bi su ka taru a Taruwasa su gutsuttsura gurasa, kamar yadda mu ke karantawa cikin Ayyukan Manzanni sura 20. Sai a shekara ta 321 Sarkin Rum Kustantin ya mai da Lahadi ranar hutu bisa doka. Kafin wannan, masu bi su kan taru da asuba, sa'an nan su tafi aiki, gama da yawansu bayi ne. Duk da haka sun sami hutu a zuciya.

Wane irin hutu ne wannan? Ku dubi 'yan matan nan kayayei da su ke zuwa daga arewa, su na ɗaukar kaya a kasuwar Nima da ta Makola. Yarinya ba ta iya sauke babban kwano ita kaɗai, sai wani ya kama mata. Haka mu ke. Da yawanmu mun girma da tsoron mizani, kullum mu na lissafin lada da zunubi, ba mu san ko aikinmu ya isa ba. Yesu ya kira masu fama da nauyin kaya su zo gare shi, a Matta sura 11. Shi ya gama aikin ceto a kan gicciye, shi ne ya kama mana mu ka sauke. Wannan ne hutun da Wasiƙa ga Ibraniyawa ta ke magana a kai a sura 4. Lahadi shaidarsa ce kawai.

Mun sani abin da wuya. Direban tirotiro da mai sayar da shinkafa da wake, abin da su ka samu yau shi za su ci yau. In sun bar aiki yini guda, ina tuwon dare? Ku tuna da manna cikin jeji: ran shida Allah ya ba da rabon kwana biyu. Mai hutawa ya na shaida cewa ba ƙarfinsa ke ciyad da shi ba. Amma kada mai ƙoshi ya hukunta mai yunwa. Maigadi ko ma'aikaciyar asibiti da aiki ya kama ran Lahadi ba su yi zunubi ba, gama Ubangiji kansa ya warkad da marasa lafiya ran Asabar. In ɗan'uwa ya rasa abinci domin ya zo sujada, ikkilisiya ce za ta zama mannarsa.

Abu ɗaya ya rage. Cikin Kubawar Shari'a sura 5, an ce bawa da baiwa su huta tare da ubangidansu, domin Isra'ilawa ma bayi ne dā a Masar. Tela, yaranka masu koyon ɗinki fa? Uwargida, yarinyar da ke miki wanke-wanke fa? Ba daidai ba ne mu zauna cikin majami'a mu na waƙa, su kuwa su na gumi dominmu. Wanda aka sauke wa kaya, bari shi ma ya sauke wa wani.

Allah ya ba mu hutunsa, yau da har abada. Amin.