Wane Aiki Ya Kamata Mu Sa a Gaba?



Kwamitin ayyuka ya gabatar mana da buƙatu huɗu: ɗakin taro, ƙarin azuzuwa a firamare, ɗakin shan magani da rijiyar burtsatse. Kuɗin da ke asusun ƙungiya kuwa na aiki ɗaya ne tak. Babu mai musun cewa dukkansu alheri ne, abin da ya rage shi ne wanda za a fara.

Na lura yawancin masu goyon bayan ɗakin taro ku ne mazauna birni. Ban ga laifinku ba, domin shi kuke rasawa idan kun zo gida da Sallah ko biki. To amma kwana uku kuke yi ku koma. Wadda ke nan kullum ita ce yarinyar da ke sammako rafi da jarka, ta iso makaranta an riga an gama darasin lissafi. Mu da muka riƙe rajista mun san sunayen da ke yawan makara da bazara, kuma galibinsu 'yan mata ne.

Ma'aunina shi ne a duba aikin da sauran suka jingina da shi. A shekarar 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Yara suka kwararo fiye da yadda aka ƙiyasta, azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa, aka riƙa karatu a gindin bishiya. Niyya mai kyau ce, sai dai an kira baƙi kafin a ɗora tukunya. Haka za ta same mu idan muka gina ɗakin shan magani babu ruwa. Da me ungozoma za ta wanke hannu? Shi kansa maginin azuzuwa sai an sayo masa ruwa a tanka kafin ya buga bulo ɗaya.

Dattawan cikinmu ba su manta da kurkunu ba, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. A ƙarshen shekarun 1980 masu fama da shi a Najeriya sun haura 600,000. Tace ruwan sha da haƙa rijiyoyi ne suka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar nan ta rabu da shi.

Saboda haka ra'ayina ruwa ne, amma da sharaɗi. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta haƙa burtsatse a ƙauyuka da dama, da yawa kuma suka mutu, domin ranar da famfo ya lalace ba a san wanda zai gyara ba. Ina roƙon kwamiti ya kawo masanin ƙasa ya gwada wurin kafin a kira masu haƙa, kada a zaɓi ƙofar gidan wani don girmansa. A ware kuɗin gyara tun yanzu, a koya wa matasa biyu da ke zaune a gari aikin famfo, sannan a sa mata cikin masu kula da rijiyar.

Ranka ya daɗe shugaba, ina neman a sa wannan shawara a ƙuri'a kafin a tashi.