Daga Littafin Haraji Zuwa Takardar Haihuwa: Jawabin da Aka Gabatar a Bauchi

 

In ka tambayi tsoho a Jahun ko Ƙofar Wunti yaushe aka haife shi, sai ya ce maka shekarar fara, ko lokacin sarki wane. Ba jahilci ba ne, babu mai rubutawa ne. Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, ƙidayar da En'e ta fi damuwa da ita ta haraji ce. Mai unguwa ya san magidanta nawa ke ƙarƙashinsa, amma jaririn da ya rasu kafin suna ba ya shiga littafin kowa. Kuma tunda ƙidaya na nufin biyan kuɗi, mutane suka koyi ɓoye kai. Ni dai ban ga laifinsu ba.

To, me ya haɗa rubutu da lafiya? A Ingila an fara rajistar haihuwa da mutuwa a 1837. Wani likita, William Farr, ya riƙa tattara abin da ke kashe mutane unguwa unguwa. A 1854 kwalara ta ɓarke a Landan, Likita John Snow ya bi gidajen mamata ɗaya bayan ɗaya, ya ga yawancinsu famfo guda suke sha. Aka cire hannun famfon.

Mu kuwa abin da ya fara iso mana duba-gari ne, mai leƙa randa da shadda, da kuma masu lamba. Iyayenmu kan ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji sun shigo unguwa. Amma agana ba ta kau ba sai da aka haɗa lamba da kai rahoto: duk inda ta ɓulla a sanar, a yi wa na kewaye. A 1970 aka ga ta ƙarshe a Nijeriya.

Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk ƙasa ta fito a 1992, aikin kuma na hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Haihuwa muna ɗan kaiwa, saboda makaranta na neman takarda. Mutuwa fa? Mukan yi jana'iza kafin la'asar, mu watse. Mace ta rasu wurin haihuwa, ba wanda ya rubuta, balle a san su nawa ne a shekara.

Roƙona ga shugabanni, a sa mutum biyu su riƙa raka iyalan mamaci ofishin rajista bayan sadakar bakwai.