Jawabi a Kan Gine-ginen Kasuwanci da Aikin Ƙungiyoyin 'Yan Kasuwa

Jama'a masu sauraro, maganar yau ta shafi duk wanda ke da shago, ko rumfa, ko sito, ko ofis, haka kuma ta shafi wanda ke haya a cikinsu, da wanda ke tara kuɗi da niyyar ya gina nasa. Tun kaka da kakanni ɗan kasuwar ƙasar nan ya ɗauki gini a matsayin ma'ajiyar dukiya. In ciniki ya yi albarka sai ya sayi fili, ya tada shaguna, ya ce ko bayan ransa 'ya'yansa ba za su rasa abin ci ba. Wannan tunani yana da gaskiyarsa, amma zamani ya sake. Ginin kasuwanci ba ya biyan mai shi sai ya haɗa abu biyu, watau takarda sahihiya da ciniki mai tafiya a wurin da aka yi shi.

Tsadar gini da tsadar kuɗi

Ya kamata a fara da halin da kasuwar ta shiga. A ranar 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka sakar wa kasuwa farashin Naira. Dalar Amurka, wadda ake canjinta a hukumance a kan Naira 460 da 'yan kai, ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Buhun siminti ya wuce Naira 10,000 a garuruwa da yawa a wannan lokaci, rodi da kwano da kayan lantarki kuma suka bi sahu. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari, a watan Disamba kuwa hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ga mai gini a fili take. Wanda ya ci bashin banki ya yi bene, lalle ne kuɗin hayar da zai karɓa a shekara ya ɗauki nauyin kuɗin ruwa, da gyare-gyare, da haraji, kafin a yi zancen riba. In ya ɗora wannan nauyi duka a kan ɗan haya, ɗan haya zai ɗora shi a kan kaya, mai saye kuma ya juya baya. Daga nan sai shago ya koma kufai, mai gini ya rasa haya, banki kuwa ba ya jiran kowa.

Inda kasuwa ta dosa

Gine-ginen kasuwanci iri-iri ne, kuma ba duka ke tafiya da ƙafa ɗaya ba.

Manyan kantuna na zamani sun sha wuya, domin ɗawainiyarsu ta wutar lantarki da man janareta tana da nauyi ƙwarai. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya sayar da hannun jarinsa na Nijeriya a 2021, kantin da ke ɗauke da wannan suna a rukunin kantunan Ado Bayero na Kano kuma ya rufe a watan Janairu na 2024. Duk lokacin da babban ɗan haya irin wannan ya tashi, ƙananan shagunan da ke cin albarkacin masu zuwa wurinsa su ma sai cinikinsu ya ja baya.

Manyan ofisoshi su ma sun ga sauyi. Tun daga annobar korona ta 2020 kamfanoni da dama suka gane cewa wani sashe na aikinsu yana yiwuwa daga gida ta hanyar intanet, saboda haka suka rage yawan ɗakunan da suke haya.

Ƙananan shaguna a kasuwannin da suka kafu, kamar Kantin Kwari a Kano, da Wuse a Abuja, da Balogun a Ikko, da babbar kasuwar Onitsha, ba su rasa masu nema, domin a nan jama'a suke. Haka nan sito. Ko mai sayar da kaya ta wayar hannu, wanda ba ya bukatar kanti mai ƙyalli, ba shi da makawa sai ya sami wurin ajiya.

Bugu da ƙari, sito yana bin hanya ne. An buɗe jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a 2016, da tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, da jirgin Ikko zuwa Ibadan a 2021. A 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano da tashar jiragen ruwa ta Lekki. Wurin da ake sauke kwantena, nan ake neman sito, da masauki, da shagon kanikawa. Amma mai hankali ba ya sayen fili da tsada saboda jita-jitar cewa hanya za ta biyo. Sai ya je ofishin tsara birane ya ga taswira da idonsa.

Takarda kafin tubali

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da mutum yake samu shi ne izinin zama da amfani, wanda takardar shaidar mallaka ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 ko ƙasa da haka. Dokar ta ce ba a sayar da wannan izini, ko a jinginar da shi, sai da amincewar Gwamna. A Abuja kuwa Ministan Babban Birnin Tarayya ke riƙe da wannan iko. Har ila yau hukuma tana iya karɓe fili domin amfanin jama'a, ta biya diyyar abin da aka gina bisa ƙa'ida. Wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa, ko gefen titi, ko filin makaranta, ya sa dukiyarsa a bakin kura.

Saboda haka kafin a biya ko kwabo, wajibi ne a bincika takardar a ofishin filaye, a sa safiyo ya auna iyakoki, a nemi amincewar zanen gini, a kuma tabbata an yarda a yi kasuwanci a wurin, domin filin da aka ba da don gidan zama ba ya zama kasuwa sai da izini. Ƙiyasta darajar gini aiki ne na masana masu rajista, waɗanda doka ta kafa wa hukuma tun 1975. Maganar dillali kaɗai ba ta isa hujja ba.

Ɗan haya shi ma ya nemi yarjejeniya a rubuce, wadda ta faɗi tsawon haya, da lokacin ƙarin kuɗi, da wanda gyara ke wuyansa, ya kuma adana rasit. Sa'an nan kowa ya tuna da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022. Tun 2003 doka ta wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke shiga, ga wanda kuma ke ƙyamar inshorar da aka saba akwai tsarin takaful. Rigakafi ya fi magani.

Aikin ƙungiyoyin 'yan kasuwa

Yawancin matsalolin nan sun fi ƙarfin mutum guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyoyin ciniki da masana'antu. Ta Ikko ita ce uwa, an kafa ta tun 1888. A 1960 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta ƙasa, wadda ake kira NACCIMA, a ƙarƙashinta kuma akwai ƙungiyoyin jihohi da birane kamar na Kano, da Kaduna, da Inugu, da Abuja.

Aikinsu da aka fi sani shi ne kasuwar baje koli. An fara ta Ikko a 1977, ta Kaduna kuma a 1979. A irin wannan taro mai sayar da kayan gini yakan haɗu da magini, ma'aikacin banki ya haɗu da mai neman jari, mai sito ya haɗu da mai masana'anta. Ban da wannan, ƙungiyoyin suna kai kuken 'yan kasuwa gaban hukuma a kan yawan haraji, da jinkirin fitar da takardun fili, da ƙarancin wutar lantarki. Suna shirya tarurrukan ƙara wa juna sani, wasunsu kuma suna da sashen sulhu, inda ake raba gardamar ciniki ba tare da an shafe shekaru a kotu ba.

Amfanin wannan ga ƙaramin ɗan kasuwa babba ne. In za a rushe tsohuwar kasuwa a sake gina ta, mai rumfa ɗaya ba shi da bakin magana a kan farashin sabon shago ko wurin da zai zauna kafin a gama aiki. In kuwa ƙungiya ce ta zo da sunayen 'ya'yanta a rubuce, dole a saurare ta. Amma ƙungiya ba ta fin ƙarfin 'ya'yanta. Wanda ba ya biyan kuɗin ƙungiya, ba ya halartar taro, ba ya tambayar shugabanni lissafi, bai kamata ya yi mamaki ba in aka yanke shawara ba da shi ba.

Kira ga jama'a

Mai niyyar gini ya ƙirga masu hayar da za su iya biya kafin ya ƙirga bulo. Mai gini ya sani cewa ɗan haya mai biya a kan kari, ko da kuɗin bai kai yadda yake so ba, ya fi shago a kulle. Ɗan haya ya riƙe takardarsa. Duk wanda bai yi rajista da ƙungiyar 'yan kasuwa ta garinsa ba kuma, ya je sakatariyarta ya nemi bayani.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya kiyaye dukiyar jama'a, amin.